Mudun Sakandare Dabam, Na Jami'a Dabam

Wannan jawabi ne da aka yi wa iyaye da ɗalibai 'yan Arewa mazauna Ojoo da Sabo da Sasa, a birnin Ibadan. Mun buga shi dukansa saboda amfanin 'yan'uwanmu da ke zaune a sauran biranen Kudu.



Shugaban taro, ranka ya daɗe. Sarakunanmu, Allah Ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, da ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku godiya da kuka bar rumfunanku da shagunanku kuka zo sauraron wannan magana.

Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa shi ne wani al'amari da ke ɗaure wa iyaye da yawa kai. Yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, an yi murna, an raba goro, ya sami shiga jami'a. Bayan shekara guda sai a ji makinsa ya zube, ko ma a ji an ce hukumar makaranta ta yi masa kashedi. Uban ya ce yaron ya lalace, uwar ta ce baki ne ya kama shi, shi kuwa yaron ya yi shiru don kunya. Wani lokacin ma ba wanda zai ji komai, sai shekara huɗu ta cika, tsararrakinsa su tafi hidimar ƙasa, shi yana nan yana ta kawo uzuri.

Jama'a, mu 'yan kasuwa ne, mun san awo. Wanda ya sayo wake da tiya a kasuwar Dawanau ta Kano, in ya iso Bodija da kongo zai sayar, kuma in bai san yadda tiya take da kongo ba, sai ya yi hasara alhali wakensa lafiya lau yake. To, haka sha'anin maki yake. Sakandare da mudunta, jami'a da nata. Yau ina so mu ajiye mudun nan biyu a gabanmu mu dube su da kyau, don kada mu riƙa yi wa 'ya'yanmu hukunci da ma'aunin da makarantarsu ba ta aiki da shi.

Maganar nan ta shafe mu ƙwarai, domin jami'ar da ta riga kowace kafuwa a Nijeriya a tsakaninmu take. Wanda ya taso daga Sabo ya bi ta Mokola da Sango zai zo Ojoo, dole ya wuce ta bakin ƙofarta. An kafa unguwar Sabo a 1916, ita kuwa jami'ar an buɗe ta a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta sami cin gashin kanta a 1962. Watau kakanninmu sun riga ta zama a garin nan da shekara 32. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne uban jami'ar na farko, a cikinta kuma akwai gidan kwanan ɗalibai mai sunansa, akwai wani mai sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Malam Adamu Ciroma, wanda ya yi editan jaridar New Nigerian, daga baya ya zama Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, a nan ya karanta tarihi. Farfesa Jibril Aminu a nan ya gama karatun likita a 1965. Su daga nesa suka zo. Ɗan da aka haifa a Ojoo, wanda kuɗin tasi ɗaya zai kai shi ƙofar, ba shi da dalilin ganin wurin a matsayin gidan wasu.

Mudun Sakandare

Bari mu fara da mudun da muka fi sani. Yaro yakan yi shekara uku a babbar sakandare, sa'an nan ya zauna jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Yakan rubuta fanni takwas ko tara. Bisa ma'aunin da aka saba bugawa, wanda ya ci 75 zuwa sama cikin ɗari ya sami A1, daga nan a gangaro B2 da B3, da C4 da C5, har zuwa C6 wadda take farawa daga 50. Daga A1 zuwa C6 duk kiredit ake ce musu. D7 da E8 tsallakewa ce kurum, F9 kuwa faɗuwa.

Abin lura a nan shi ne, cikin fannonin nan tara, biyar ake nema don shiga jami'a, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannonin karatu. In yaro ya faɗi wani fanni da bai shafi abin da zai karanta ba, ba mai tambayarsa. In ya faɗi wanda ya shafe shi, sai ya sake zama baɗi, kuma makarantu da yawa sukan yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Da zarar ya ci, tsohuwar faɗuwar ta wuce ke nan, kamar ba a yi ba. Mudun sakandare mudu ne mai yafiya: yana ɗaukar mai kyau, ya zubar da tsakuwa.

Har ila yau, kiredit biyar ba ta rarrabe gwani da na tsaka-tsaki. A 2024 hukumar WAEC ta ba da sanarwar cewa kimanin kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka zauna jarrabawarta a Nijeriya sun sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Abin da mutum bakwai cikin goma suka samu, abin godiya ne, amma fa tikitin tsayawa a layi ne kawai.

Rariya ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Fanni huɗu ake rubutawa, jimlar maki 400. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, fiye da mutum miliyan 1.5, cikin kusan miliyan 2 da suka zauna, ba su kai 200 ba. Ita kuwa Jami'ar Ibadan ta daɗe ba ta duba takardar wanda bai kai 200 ba, bayan haka kuma tana da tata jarrabawar tantancewa, irin wadda jami'o'in ƙasar nan suka fara yi a 2005. Ku riƙe wannan a ranku, domin za mu komo kansa.

Mudun Jami'a

Ranar da ɗalibi ya sa ƙafa a jami'a, duk A1 ɗin da ya zo da su sun gama aikinsu. Ba a zuba ko ɗaya a cikin sabon lissafi. Da mai A1 takwas da mai C6 biyar, daga sifili kowa zai fara.

Yawancin jami'o'inmu suna aiki da ma'auni mai hawa biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, ladansa 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, lada 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, lada 3. Daga 45 zuwa 49 D ce, lada 2. Daga 40 zuwa 44 E ce, lada 1. Ƙasa da 40 F ce, ba lada ko kaɗan. Ita Jami'ar Ibadan ta yi shekaru masu yawa tana aiki da ma'auni mai hawa bakwai kafin ta sauya, saboda haka kowane ɗalibi ya buɗe littafin ƙa'idojin da makarantarsa ta ba shi ya karanta ma'aunin da za a auna shi da shi.

Shekarar karatu kashi biyu ce, kowane kashi zango ake ce masa. A kowane zango ɗalibi yakan ɗauki kwasa-kwasai da yawa, kuma kowane kwas da nauyinsa: wani 2, wani 3, wani 4, gwargwadon sa'o'in da ake koyar da shi a mako. In an yi jarrabawa, sai a ninka ladan kowane kwas da nauyinsa, a tara duka, a raba da jimlar nauyin. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makin ɗalibi. Ana kuma tara shi ne zango bayan zango, tun daga na farko har na ƙarshe. A takardar sakamako za ku ga haruffa huɗu, CGPA, da lamba a gabansu. Iyayena, ko ba ku karanta boko ba, ku riƙe lambar nan, ita ce maganar duka.

Da wannan lamba ake raba darajar digiri. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu. Daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da makaranta ta yanka, sai a yi masa kashedi, in bai gyara ba a sallame shi. Karatun likita yana da nasa tsarin dabam, amma yawancin fannoni a kan wannan suke tafiya.

Yanzu ku duba bambancin. Yaron da ya saba cin 50 a sakandare, mai kiredit ne, ana yi masa barka. In ya ci gaba da cin 50 a kowane kwas a jami'a, matsakaicinsa 3.00, watau ƙaramar daraja ta biyu. Wanda ya riƙa cin 45 a komai, bai taɓa faɗuwa ko sau ɗaya ba, duk zango yana ce wa ubansa "Baba, na ci duka", kuma ba ƙarya ya yi ba, amma da daraja ta uku zai fito.

Sa'an nan mudun jami'a ba ya zubar da tsakuwa. Ga misali. Ɗalibi ya ɗauki kwas shida masu jimlar nauyi 18. Ya sami A a biyu, ɗaya mai nauyi 3, ɗaya mai nauyi 2, ladansu 25. Ya sami B a biyu masu nauyi 3 kowanne, ladansu 24. Ya sami C a ɗaya mai nauyi 3, lada 9. Na shidan, mai nauyi 4, ya faɗi. Jimlar lada 58, a raba da 18, ya tashi da 3.22. Da a ce C kawai ya samu a kwas ɗin da ya faɗi, da jimlar ta zama 70, matsakaicinsa ya zama 3.89. Kwas ɗaya tak ya sauko da shi daga babbar daraja ta biyu zuwa ƙarama. Zai kuma sake ɗaukar kwas ɗin baɗi a kan kayan baɗi, abin da ɗalibai ke kira kariyoba, kuma a yawancin jami'o'inmu ko ya ci daga baya, sifilin farko yana nan cikin lissafi.

Nauyin Shekarar Farko

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan fage maganar lissafi ce tsantsa. Mu ɗauki digirin shekara huɗu, mu ce nauyin kwasa-kwasan kowace shekara daidai yake. Ɗalibin da ya gama shekarar farko da 2.00, in yana son fita da babbar daraja ta biyu, sai ya sami 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, watau ya ninka ƙoƙarinsa biyu a lokacin da karatu yake ƙara tsauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, domin ko ya ci A a kowane kwas har ya gama, ba zai wuce 4.25 ba. In ya yi shekara biyu a kan 2.00, to babbar daraja ta biyun ma sai in bai sake cin komai ba sai A. Wanda kuwa ya fara da 4.50, ko ya ɗan yi sanyi ya koma 3.20 a sauran shekarun, yana nan cikin babbar daraja ta biyu.

Abin baƙin ciki shi ne, shekarar nan ta farko ita ce wadda yaro ya fi sakaci da ita. Ya gaji da jarrabawa uku a jere, ya ga ya iso, gida ma kowa ya saki jiki. Makonnin farko sukan tafi a layin rajista da neman ɗaki da sanin gari, kafin ya farga an kafa jadawalin gwaji.

Kada kuma wani ya ce ai digiri digiri ne. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa, in suna neman sababbin ma'aikata, sukan rubuta a sanarwarsu cewa sai mai babbar daraja ta biyu zuwa sama. Masu ba da tallafin ƙaro ilmi a ƙasashen waje su ma haka. Mai daraja ta uku da wuya a ɗauke shi digiri na biyu kai tsaye. Kariyoba kuwa shekara take ƙarawa, shekara kuwa kuɗin makaranta ne da na haya da na abinci. A ɗora yajin aikin malamai a kai, irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga shi kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Me Ke Sa Maki Ya Sauka?

Dalili na farko, abokan karatu sun sauya. Ɗazu na ce ku riƙe maganar rariya. Yaron da yake na ɗaya a ajinsa na mutum hamsin a wata sakandare ta Ojoo, in ya shiga zauren lacca zai tarar da na ɗayan Ogbomosho, da na ɗayan Onisha, da na ɗayan Ilori, duk a benci guda. In an tara zakaru ɗari, dole wani ya zama na ɗari. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ragu ba, gaba ce da gabanta. Haɗarin shi ne yaron da bai taɓa ganin C ba ya gan ta ya karaya, ya ce shi ba na nan ba ne.

Dalili na biyu, irin tambayar ta sauya. A sakandare an yi shekara uku ana bita kan manhaja ɗaya, ga littattafan tsofaffin tambayoyi, wanda ya haddace su ya kusa tsira. A jami'a cikin wata uku zuwa huɗu ake gama kwas, a yi jarrabawa, a ɗauko sabo. Malamin da ya koyar shi ke fitar da tambaya, shi ke dubawa, abin da yake nema kuwa shi ne ka bayyana, ka kwatanta, ka kawo hujja. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin wannan. A makarantar allo hadda ake yi, kuma hadda baiwa ce babba. Amma in almajiri ya sauke ya koma zaure karatun littattafai, malam ba zai gamsu da ya biya masa nassi ba, sai ya ji ya fahimci ma'ana, ya iya fitar da hukunci daga ciki. Sakandare ta fi kama da allo, jami'a ta fi kama da zaure. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Dalili na uku, mai tsaro ya tafi. A sakandare akwai ƙararrawa, akwai kiran suna, malami ya san wanda bai zo ba, a ƙarshen zango kuma a aiko da kati gida uba ya sa hannu. A jami'a ɗalibai ɗaruruwa ne a lacca ɗaya ta shekarar farko, malami bai san fuskarka ba, lambarka ya sani. Ba mai aiko da kati, sakamako a intanet ake sa shi, ɗalibi kaɗai ke da mabuɗin. Alhali kuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari na makin kwas daga gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango yake fitowa. Wanda ya yi wasa da su, ya shiga babbar jarrabawa da bashi a wuyansa.

Dalili na huɗu, harshe. 'Ya'yanmu na nan da Hausa suke tashi a gida, da Yarbanci a titi da kasuwa, da Larabci a Islamiyya, da Turanci a aji. Wannan arziki ne da 'ya'yan wasu ba su da shi. Amma Turancin da ya isa a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu a kwamfuta bai isa a cika shafi biyar da bayani mai tsari ba. Da yawa sun san amsa, rubuta ta ne yake kayar da su.

Dalili na biyar daga gare mu yake, mu na gida. Kusancin makaranta alheri ne, amma yakan zama tarko. Mota ta iso da tumatur Sasa, a ce a kira wane ya zo ya riƙe lissafi, ai yau laccarsa ɗaya ce. Ba mu san cewa kowace sa'a guda ta lacca tana bukatar wasu sa'o'i na nazari a bayanta ba. 'Ya mace kuwa ta dawo ta tarar da girki da wanki da reno suna jiranta kamar ba ta je ko'ina ba. Wanda muka tura Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ma da nasa: mukan ce ai gida ya tafi, mu rage masa guzuri, alhali yaron a Ibadan aka haife shi, baƙo ne a can, kuma ciki da yunwa ba ya riƙe karatu.

Dalili na shida mai ɗaci ne, amma dole a faɗa. Akwai iyayen da ke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu wuraren da ake rubuta musu amsa a allo ranar jarrabawa. Irin wannan A1 ba saukowa take yi a jami'a ba, dama can babu ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Uban da ya sayi sakamako ya sayo wa ɗansa kora ne da kuɗinsa, bayan laifi ne a dokar ƙasa, ha'inci ne a addini.

Dalili na ƙarshe, fannin da ba na ɗalibi ba. Wani uban ne ya ce sai likita, wani kuma makaranta ce ta ba shi abin da bai nema ba. Shahararren marubucin nan Chinua Achebe yana cikin ɗaliban farko da suka shiga kwalejin nan ta Ibadan a 1948, da tallafin karatun likita. Bayan shekara guda ya ga hanyar ba tasa ba ce, ya koma Turanci da tarihi da nazarin addini, ya rasa tallafin saboda haka, ya gama a 1953 da daraja ta biyu. Duniya ba ta yi hasarar komai da wannan sauyi ba. In yaro ya ce fannin ya fi ƙarfinsa, a saurare shi tun a shekarar farko, lokacin da sauyawa take da sauƙi.

Kada ku ɗauka kowa sauka yake yi. Akwai yaron da ya fito daga makarantar da ba ta da isassun malamai, ya lallaɓa ya sami C5 da C6 da guminsa. Shi dama ya saba neman ilmi da kansa, ba wanda ya taɓa tauna masa. Irinsa yakan shiga jami'a ya wuce masu A1, domin abin da jami'a ke nema shi ya daɗe yana yi. Saboda haka kada a raina mai ƙaramin sakamako na halal, a ce shi kasuwa ta dace da shi.

Abin Yi

Iyayena, ku sauya tambaya. Ku daina cewa "Ka ci?" Ku ce "Nawa ne matsakaicin makinka, kuma akwai kwas ɗin da ya rage maka?" Ku yi tambayar nan a ƙarshen zangon farko, ku ce a nuna muku a waya ko a takarda, in ba ku iya karantawa ba ku kira wanda kuka amince da shi. In kun ga lambar ta yi ƙasa, kada ku fara da faɗa, domin yaron da aka kunyata sau ɗaya ba zai sake nuna gaskiya ba. Ku tambaye shi inda ta ɓaci: kuɗi ne, ko masauki, ko abokai, ko fannin ne. Ku ɗauke masa aikin rumfa a lokacin zango, ku bar shi sai hutu. Iyaye mata, ku raba wa ɗiyarku ɗaliba aikin gida da sauran 'yan'uwanta.

Ƙannena ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara nazari tun makon farko. Ku san nauyin kowane kwas, ku ba mai nauyi haƙƙinsa. Kada gwaji ya wuce ku. Kowane aji yana da malamin da aka naɗa don ba da shawara, ku neme shi tun kafin abu ya lalace, matambayi ba ya ɓata. Ku riƙa karanta littafi da jarida na Turanci kullum, ku riƙa rubuta bayani da kalmominku. Ɗakin karatu na Kenneth Dike yana nan cikin jami'a, ba a gina shi don 'ya'yan wasu ba. Ku kuma yi abota da wanda ya fi ku a aji, kowane yare yake ji. Wanda kuma zangon farko ya riga ya ba shi kashi, ya ɗauki alƙalami yau ya lissafa abin da yake bukata a sauran zanguna. Gyara a zango na biyu ya fi gyara a na shida sauƙi nesa ba kusa ba.

Shugabanninmu, gare ku nake da roƙo na ƙarshe. Abin da ya riƙe Sabo tun farkonta shi ne tsarin maigida. Bafatake ya taso daga Arewa da shanu, bai san gari ba, bai ji Yarbanci ba, sai ya sauka wurin maigidansa, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali, a gaya masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. In zai koma da goro, haka. Ba don wannan tsari ba, da baƙi da yawa sun koma gida hannu rabbana. To, sabon ɗalibi bafatake ne a kasuwar da bai san mudunta ba. Muna da 'ya'ya da suka gama jami'a da kwalejin fasaha ta Ibadan, muna da waɗanda suke aji uku da aji huɗu. A rubuta sunayensu a kowace unguwa, a ɗora wa kowannensu sabon ɗalibi ɗaya ko biyu, ya zauna da su kafin su tafi ya koya musu lissafin da muka yi yau, ya kuma riƙa bincikarsu a ƙarshen kowane zango. Wannan ba ya bukatar gini, ba ya bukatar izinin kowa, zaure ɗaya da tabarma sun isa. In kuma 'yan kasuwarmu za su haɗa ɗan asusu don ɗalibin da kuɗin rajista ko na haya ya tsaya masa, to madalla.

Kakanninmu sun zo garin nan ba su san awonsa ba, suka koya, suka zauna da mutuncinsu. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi awon makarantar da ke maƙwabtaka da mu, mu koya wa 'ya'yanmu tun kafin su shiga.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.